Ranar da na ari muryar tsofaffin Mayo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama tsofaffi huɗu ni kaɗai. Lokacin Khartoum na zaune lafiya, muna ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Mayo. Malamarmu, Ustaza Nafisa, tana kuma shirya wani shirin Hausa a gidan rediyo a Umdurman. Ta ba ni rikoda in ɗauko mata waƙoƙin lalle na kakanninmu.

"Amma doka ce, ya Hajja," ta ce. "Kowace sai ta faɗa da bakinta cewa ta yarda a sa muryarta. In wata ta kai ƙara, shirina za a rufe."

To, ni da wane ido zan dubi sa'ar uwata in ce ta yi mini rantsuwa? Na ɓoye rikoda cikin tob, mayafinmu na Sudan, a gidan biki, na ɗauki tsofaffi huɗu suna waƙa. Da na koma gida na rufe ƙofa, na kunna rikoda, na toshe hanci: "Ni Kande, na yarda." Na ƙara da tari, na zama Hajja Asabe (har rawar muryarta na yi, Allah ya yafe mini).

Washegari na hau raksha, babur mai ƙafa uku, har Umdurman ina jin kaina gwana. Ustaza ta kunna a gaban abokan aikinta. Ana cikin yardar Hajja Asabe sai ga muryar maigidana tar a cikin rikodar: "Ke Maman Sani, aljanu ne suka hau ki? Gahawar jabana tana hucewa!"

Wani ya fita da gudu riƙe da ciki don dariya. Ni kuwa na ja tob na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ustaza ba ta ɗaga murya ba. "Ma'alesh, ba komai, koma ki tambaye su."

Na bi su gida-gida. Uku suka yarda, Kande ma cewa ta yi a sake ɗauka, ranar tana mura. Hajja Asabe, wadda ta fi su zaƙin murya, ta ce waƙar ta uwarta ce, ba ta kasuwa ba. A gabanta aka goge.

Yau yaƙi ya watsa mu, Hajja Asabe ta riga mu gidan gaskiya, waƙar ta saura a kunnena kawai. Tun daga nan na gane ana aron turmi, ana aron tukunya, amma bakin mutum sai a je wurin mai shi.