Bahon Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutane a gidanmu na Lafia don su ga banɗaki. Ee, banɗaki. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bayan rasuwar Baba, na ce zan gyara wa Inna gida. A banɗakinta akwai wani tsohon bahon wanka irin na Turawa, wanda tun ina yaro ban taɓa ganin an cika shi da ruwa ba. Na ce wannan ai cin wuri kawai yake. Da ta tafi ta'aziyya Adogi, na kira mai aikin famfo, aka tumɓuke shi, aka sa ƙatuwar shawa, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi. Har doka na kafa: kada a shigo da bokiti ko 'yar kujera, za su karce min tayil. (Ni da nake Abuja, nake zuwa sau ɗaya a wata.)

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta kawo min kuka. Da ta dawo ta leƙa, sai ta ce wa ƙanwata, "A ce masa Allah ya yi albarka." Kaina ya ƙara girma.

Bayan wata biyu muka yi walima. Na ja surukina da abokan aikina zuwa banɗakin, ina bayani kamar mai tallar magani a kasuwa. Na murɗa famfo, ya yi tari, ya feso jan ruwa mai tsatsa a kan farar shaddata. Surukina ya ce, "Anya ana amfani da shi kuwa?"

Maman Tabita, maƙwabciyarmu 'yar Eggon da ke raba abinci, ta tsaya da tire a hannu, ta ce da irin Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji:

"Oga, wa zai yi amfani? Mama yana wanka a gidana. Ran farko ya faɗi a nan, ƙugunsa ya kumbura, mu ne muka ɗaga shi. Da, a bakin baho yake zama, ya riƙe gefe, bokiti a ciki. Yanzu ba wurin riƙewa."

Ashe kullum uwata, mai ciwon gwiwa, takan ɗauki soso da sabulu a leda ta tsallaka gidan mutane, don kada ta ɓata wa ɗanta rai. Duk layin sun sani. Ni kaɗai ne baƙo.

Da yamma na shiga ɗakinta na durƙusa. Ta juya fuska ga bango, ta yi magana kamar da wani take.

"A ce masa kada ya damu. Ai ya yi kyau, baƙi sun yaba."

Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Washegari aka kafa ƙarfen riƙewa, na sayo kujerar roba da kaina, amma ɗingishin da faɗuwar ta jawo mata bai bar ta ba har yau.

Yanzu ko tsintsiya zan kawar a gidan nan, sai na aika a tambayo Inna.