Taragu Biyar a Cikin Dutsen Baba Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a unguwar Al Qusais ta Dubai, ranar da jirgin ƙasan da bai kai tsawon hannuna ba ya tona mini asiri a gaban mutumin da nake neman aiki a wurinsa.

Lokacin shagon kagon da nake yi wa aiki, wato masu aika kaya zuwa ƙasashen waje, ya rufe, bizata kuma saura sati uku ta ƙare. In ban samu kamfanin da zai ɗauke ni ba, sai dai in tattara nawa-ya-nawa in koma Kano, ga mata da 'ya'ya biyu sun zuba mini ido. (Hajiyarmu kuwa ta riga ta gaya wa unguwa kaf cewa ni manaja ne a Dubai.) Wani abokin ɗakinmu a Al Nahda ya haɗa ni da Baba Bulus, dattijo ɗan Kafanchan, wanda ke kula da shige da ficen kaya a wani babban sito, kuma yana neman mataimaki. Muka gaisa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka zo gidana ranar Asabar bayan la'asar, za mu tuƙa jirgi."

Na ɗauka barkwancin dattawa ne. Ashe da gaske yake. Ɗaki guda sukutum ya ware a fulat ɗinsa, tebur ya zagaye bango, a kai an shimfiɗa layin dogo mai faɗin yatsa biyu. Ga tasha irin wadda mahaifinsa ya yi aiki a cikinta, ga siton citta, ga kamfanin siminti, ga wani dutse da ya ƙera da hannunsa, jirgi na shiga ta nan ya ɓullo ta can. A raina na ce, oh ni, dattijo da furfura yana wasan yara. A fili kuwa na ce, "Masha Allah, Baba, wannan ai ya fi na gaske kyau."

Akwai abokinsa Mista Raju, wani injiniya ɗan Indiya, wanda ya ɗora hular direban jirgi ba ko murmushi. Baba Bulus ya yi mini bayani. Kowane tarago yana da lamba da katinsa, katin ya faɗi abin da ya ɗauko da inda za shi. Doka biyu ce kawai: ka bi abin da kati ya ce, kuma kada ka kuskura ka ɗaga tarago da hannu, kan jirgi ne kaɗai ke motsa shi.

"Ka gane, ɗana?"

"Haba Baba," na ce, har da dukan ƙirji, "shekarata goma a harkar kago. Wannan ai shan ruwa ne."

Aka ba ni tasha da abin tuƙin kan jirgi, mai kama da rimot. Aikina in haɗa jirgi mai tarago takwas in tura wa Mista Raju a ɗaya ɓangaren. Na duba katunan. Uku citta. Sauran biyar kuwa an rubuta musu fanko, wato babu komai a ciki.

To, a nan ne jinin kago ya motsa. Duk wanda ya yi lodi a Dubai ya san babu abin kunya kamar kwantena ta tashi da iska a ciki. Mu da muke cusa takalma a cikin firji, mu cusa atamfa a cikin tukunya, mu hau kan kwali mu danne don ƙofa ta rufu? A ce in tura tarago biyar babu ko allura? Nan take na yanke hukunci cewa gwada ni Baba yake yi, yana so ya ga ko zan gane asarar. (Kun ji fa, babu wanda ya tambaye ni, ni kaɗai na shirya jarrabawar, na kuma ba kaina maki.)

Na so in janye su gefe da kan jirgi, amma abin ya ƙi. In na ce gaba ya yi baya, in na ce baya ya yi ƙugi ya tsaya. Gumi ya keto mini duk da sanyin na'ura. Na saci kallo, na ga Baba ya sunkuya yana gyara wata waya, Mista Raju ya ba ni baya. Wuf na tsince taragun nan ɗaya bayan ɗaya da yatsu, na tura su cikin ramin dutse inda ido ba ya kaiwa, na zura katunansu a aljihun gaban rigata. Na tura jirgi da tarago uku, ina jin kaina kamar wanda ya ceto kamfani.

Bayan kamar minti ashirin sai komai ya tsaya cak. Mista Raju ya ce kamfanin siminti ya cika da kaya, babu taragon da za a loda. Tunda siminti bai fita ba, jirgin da zai ɗauke shi ya tare layi, na bayansa ma ya tsaya. Sai a lokacin na gane inda fankon nan za su.

Baba Bulus ya sa tabarau ya bi takardarsa layi-layi. Ya ƙirga taragun tasha, ya sake ƙirgawa. Can ya zauna a kujera, ya ce a hankali, "Sati guda na yi ina shirya wannan. Na rantse na sa su a layi. Kai, tsufa ya fara taɓa ni ke nan. Ran nan ma sai da na nemi makullin sito yana hannuna."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har wuya. Amma ku tambaye ni ko na yi magana. Ban yi ba. Biza ta riƙe mini harshe, har da gyaɗa kai nake ina cewa, "Sai haƙuri, Baba, kowa yana mantuwa."

Mista Raju ya ce, "Khalas, shi ke nan, bari in zagayo da nawa ta cikin dutse in buɗe hanya. Yalla, mu je." Kafin in ce uffan jirginsa ya shige ramin. Muka ji ƙwas. Sai ga tarago ya leƙo ta ɗaya bakin, wani na bin sa, wani na bin wancan, su biyar reras, ana turo su a hankali kamar awakin da aka kamo a gonar mutane. Daidai lokacin matar Baba, Mama Rahila, ta shigo da farantin shayi.

Ni kuwa da bakina na ce, "Ikon Allah!"

Mama Rahila ta ajiye faranti ta ce, "Ɗana, takardunka za su faɗo." Ta nuna aljihuna. Katuna biyar sun leƙo, na gaba an rubuta masa fanko da jan biro, manya-manyan baƙaƙe.

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da takalmina. Na fara kame-kame, ina cewa na ga asara ce, a kago ba ma tura iska. Mista Raju ya cire hularsa ya toshe baki da ita, kafaɗunsa na rawa. Baba Bulus bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗauke su da hannu bai dame ni ba, duk sabon zuwa yana yi. Amma kana tsaye ina zargin ƙwaƙwalwata, ka ce mini sai haƙuri?"

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi laifi. Tsoro ne ya hana ni magana, ka yafe mini."

Ya cire tabaraunsa. Sannan ya miƙo mini abin tuƙin ya ce, "Fanko ma akwai mai jiran sa. Mayar da su tasha, ka kai su siminti. Da kan jirgi." Su suna shan shayi da cincin, ni ina gaba ina baya, sai da aka kira magariba na kai na biyar.

Ranar Talata ya kira ni. Ya ce kujerar mataimaki ya ba wani, don ba zai iya ajiye mutumin da ke shiru in abu ya ɓaci a kusa da shi ba tukuna. Amma akwai gurbi a filin da ake tara kwantenonin da aka sauke wa kaya, in ina so. Albashin bai kai ba, zafin rana kuma ba a magana, amma akwai biza. Na karɓa hannu bibbiyu, na kashe waya na yi hawaye, na murna da na kunya a haɗe.

Yau shekara biyu ke nan ina kiwon kwantena marasa komai a ciki. Abin da na koya shi ne, in ka yi ɓarna ka faɗa da bakinka tun ana neman mai laifi, domin in ka bari ta fito da kanta, ba ta fitowa sai an kawo shayi kowa ya hallara.