Ranar da Aka Ce wa Kawu Ya Koma Baya

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunan. Muna shanya sai muka ji hon a waje, Umma ta ce, "Ku wangale ƙofa, Ba-Ribas ya iso." Na ɗauka wani baƙo ne daga nesa. Ashe yayanta ne, kawuna, direban da ba a sake haihuwar irinsa ba, kamar yadda shi da kansa ya sha tabbatar mana.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa manyan ma'aikata, bai taɓa saka giyar baya ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. In ya wuce ƙofar gida da taku biyar, sai ya zagaye unguwa ya dawo. In ya shiga lungun da ba ya ɓullewa, masu shago ne ke tura motar baya, shi yana hakimce yana ba su umarni ta taga.

"Direban da ya san inda za shi," in ji Kawu, "me ya manta a baya?"

Lasisinsa kuwa ba abin sakawa a aljihu ba ne. Kwafi yake yawo da shi. Na ainihin yana cikin gilashi a bangon falo, sama da hoton aurensa. Ni ce mai riƙe da kundin hotunan gidanmu, don haka ni aka ɗora wa goge shi.

Da Yaya, babban ɗansa, ya sami aiki a wata ƙasa, ya ɗauko mahaifinsa, ya haɗo da ni don in taya matarsa renon tagwaye, in kuma riƙa cike takardu. Kawu a cinya ya rungumo gilashin har muka sauka.

Yaya ya yi masa bayani dalla-dalla. "Baba, lasisinka wata shida zai yi aiki a nan. Kafin su cika ka miƙa shi, a musanya maka da nasu ba jarrabawa. In suka wuce, sai ka yi gwaji kamar kowa."

"Kamar kowa," Kawu ya maimaita, yana kallon silin.

Na cike fom, muka je ofis, muka ja lamba. Da aka kira mu, Kawu ya jingina gilashin a gaban ma'aikaciyar, ya ja da baya don ta samu ta gani da kyau. Ta gani. Ta ce a ciro shi, kuma a wurinsu zai zauna.

"Zai me?" Kawu ya gyara tsayuwa. "Baiwar Allah, takardar nan ta girme ki. Darakta huɗu ta kai ritaya lafiya. In kuna son hotonta don koyar da yaranku, ku ɗauka, ban hana ba. 'Yar nan, tashi mu tafi."

Muka tafi, fom yana hannuna.

Wata shida Kawu ya yi yana kai tagwaye makaranta cikin ɗaukaka. Ya yaba wa ƙasar ƙwarai saboda yawan shataletalenta, ya ce alama ce sun san darajar direba. Nakan nuna masa kalanda, ya ce kalanda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ranar da wa'adi ya cika, Yaya ya ɗauke makulli daga kan ƙusa ya ba matarsa. Kwana tara Kawu ya yi a kujerar baya, tsakanin tagwaye, jakar makaranta a cinyarsa. A na goma ya ciro gilashin daga bango, muka koma ofis.

Ma'aikaciyar ta duba kwanan wata, ta turo masa abinsa. "Riƙe kayanka, Baba. Yanzu ba ma buƙata." Ta miƙo mini wata takarda.

"Kin gani?" in ji Kawu a bakin ƙofa. "Sun sallama."

Sai da muka zauna a tashar bas na karanta masa takardar. Ranar gwaji ce.

Ya shirya, ba a cewa bai shirya ba. Littafin dokokin hanya da aka ba shi ya bi da jan biro, ya gyara musu kurakurai goma sha ɗaya. Ranar gwajin ina kan benci ina kallo. Ya tashi mota lafiya, ya sha kwana lafiya, ya tsaya cak kan layi. Sai mai gwajin ya nuna masa wani gurbi a jikin katanga, tsakanin robobin alama biyu, ya ce ya shiga da baya.

Kawu ya zagaye filin. Ya sake zagayewa. A zagaye na uku ya tsaya, ya sauke gilashin taga don jama'a su amfana.

"Samari, wanda ya gina katangar nan bai san mota ba. Amma ba komai. Ɗan sauka ka tura, ni zan riƙe maka sitiyari."

Mai gwajin ya sauka. Bai tura ba.

Yanzu duk Asabar da safe matar Yaya ce ke koya masa ribas a filin ajiye motoci na kanti, da alamar ɗan koyo manne a bayan mota. Tana cewa, "A hankali, Baba, duba madubi," yana cewa madubin ne ba a saita ba. Ya riga ya taka roba shida da keken sayayya ɗaya. Ranar da ya fara komawa baya taku uku cur, na ɗauki hoto, domin tarihi ne.

Da yamma ya same ni ina liƙa hoton a kundi. Ya daɗe yana kallonsa, ya yi gyaran murya.

"'Yar nan, in za ki yi rubutu a ƙasansa, don Allah ki ce motar ce ke koyo."