Ragon Fas

A shekarar 1964, duk Dutsin-Ma babu mai ilimi kamar Malam Dalhatu. Kada ku yi musu, shi da bakinsa ya faɗa. Akawu ne a wani kantin sayen gyaɗa. Alƙalami uku ne a aljihunsa, biyu babu tawada. Ya taɓa kwana biyu a Zariya, ya hango jami'a ta bayan shinge, tun daga ranar ake ce masa Farfesa, shi kuwa ya amsa da gyaran murya.

Shi ya kafa ƙungiyar karatu ta masu neman shiga jami'a, irin karatun da ake turo darussansa ta gidan waya. Su uku ne: shi, da Rabo malamin asibiti, da Sodangi, wani malamin firamare marar hayaniya da ke taka keke daga Kurfi kowace Asabar. Gindin tsamiya ake zama bayan la'asar. Kujera ɗaya ce, kun san mai ita.

Wajen rabon aiki kuwa, Farfesa adali ne. Ya ba Rabo lissafi, ya ba Sodangi tarihi da Turanci, shi ya ɗauki mafi nauyi, wato shugabanci.

"Ku karanta, ni in fahimta," in ji shi. "Haka ake yi a Zariya."

Ƙamus ɗin ƙungiya kullum yana hammatarsa, ba a buɗe shi, kada ya tsufa.

Aka je Katsina aka yi jarrabawa. Ran da sakamako ya zo, Farfesa ya warware takardarsa, sai ga F guda huɗu a jere kamar sandunan rumfa. Ta Sodangi P ce tun daga sama har ƙasa, ta Rabo kuwa haɗin gambiza.

"Alhamdulillahi!" in ji Farfesa. "F, fas ke nan. Mi ya fi wanga sauƙi? Kai kuwa Sodangi, sai haƙuri. P, pel ce. Kowa da rabonsa. Gobe zan yanka rago."

Sodangi ya ce, "Farfesa, da mun duba ƙamus..."

"Ni za ka tura ga ƙamus?"

Rabo ya take ƙafar Sodangi, ya raɗa masa, "Malam, bari mu ci naman tukuna."

Aka yanka rago, aka ci aka sha. Farfesa ya yi jawabi mai tsawo kan illar lalaci, yana kallon Sodangi da tausayi. Ya ba tela ɗinkin rigar tafiya, ya yi sallama da masu gyaɗa, har ya yi wa Sodangi alkawarin aiko masa da tsofaffin littattafansa. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba.

Da takardar shiga jami'a ta iso daga Zariya, hannun Farfesa ta faɗa, don shi ya kafa dokar duk wasiƙar ƙungiya ta bi ta wurin shugaba. Ya tara mutane gindin tsamiya, ya hau kujera, ya buɗe, ya ɗaga murya. Sunan Sodangi ya karanta.

Ran nan ne ƙamus ya fara ganin rana. Farfesa ya nemi fas a ƙarƙashin F, shafi bayan shafi, gumi na tsiyaya. Fel kaɗai ya samu a can, tana jiransa.

Rabo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka damu, Farfesa. Wallahi ragon dai ya yi fas."