Ciyaman Mai Ceton Yara Daga Ƙwai

Duk faɗin Kafanchan, in ana maganar abincin yara, to a dakata sai Dattijo Gershon Zamani ya iso. Shi ne Ciyaman na Kwamitin Gina Jikin Yara na ikilisiyarsu, kwamitin da shi ya kafa, shi ya zaɓi kansa, kuma har yau shi kaɗai ne mamba. Ilimi kuwa ba a magana. Ya taɓa zuwa taron bita a Kaduna, ya isa bayan an gama jawabai, daidai ana rabon shinkafa, ya dawo da jaka mai tambari da kalma guda: furotin. Tun ranar ba ya rufe zance sai ya daki ƙirji ya ce, "Ni, Gershon Zamani!" 'Yan unguwa suna kiransa Baba Furotin, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Allah da ikonsa, sai ya ba wannan gwani jika wadda ba ta cin nama. Hephzibah, 'yar shekara huɗu, ta yi sallama da nama tun Kirsimetin da aka yanka akuyar da take wasa da ita. Uwarta Roseline, surukar Baba, malamar firamare ce, mijinta yana aiki can Sabon Tasha. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta daka naman ta ɓoye a miya, yarinyar ta shinshina ta ture kwano. Wuyanta ya fara tsawo, riga tana zamewa daga kafaɗa. Tsoro ya kama Roseline, ta kai ta asibiti. Nas ta ce abin bai kai na kuka ba: a ba ta wake, gyaɗa, awara, zogale, da ƙwai kowace safiya.

Roseline ta sayo kaza mai ƙwai. Safiyar farko ta dafa guda, tana shirin ɓarewa, sai ga Ciyaman a bakin kicin.

"Maman Hephzibah, kina so ki lalata mini jika? Tun kakanninmu an sani, yaro da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Yau ƙwai, gobe kaza, jibi akuyan mutane. Ba za a yi ɓarawo a zuriya na ba. Ni, Gershon Zamani!"

Ya karɓi ƙwan, ya ɓare, ya barbaɗa gishiri, ya haɗiye da fuskar mai shan magani. Ina za a sami kaka irin wannan? Kullum safiya sai ya sadaukar da cikinsa domin tarbiyyar yarinya. Naman da aka sa mata ma shi yake ɗauke wa, don ɓarna zunubi ce. Awara kuwa dole kwamiti ya ɗanɗana kafin a ba yaro, kuma kwamitin ba ya aikin ha'inci, sai ya ɗanɗana har gindin faranti. Kafin wani lokaci shirin gina jiki ya fara aiki sosai, a jikin Ciyaman.

Roseline tana gani, ranta yana ƙuna, amma ba a musu da uban miji. Sai ta ɗauki kazar ta kai gidan maƙwabciyarsu Mama Theresa ta Zumuntar Mata, ta ce wa Baba ta fitar da jaraba daga gida.

"Kin yi hankali, 'yata," in ji shi, murya kamar ta mai amsa gaisuwar mutuwa.

Daga nan kowace safiya, a hanyar makaranta, Hephzibah takan tsaya gaida Mama Theresa, ta fito tana lasar baki. Kumatu suka dawo, riga ta zauna. Baba ya dinga nuna ta ga baƙi: "Kun gani? Babu ƙwai, babu nama. Tsari na ne."

Shi kuwa mai tsarin sai hamma. Shayin safe ya zame masa ruwan zafi kawai. Rannan yana zaune ya jiyo kukan wata kaza daga bayan katanga, muryar da ya sani.

Ba a daɗe ba ƙwai ya fara ɓata a akurkin Mama Theresa. Ta zargi kare, ta zargi maciji, daga baya ta fara yi wa kowane ƙwai alama da gawayi. Da labari ya kai kunnen Ciyaman, ya ɗauki jakarsa ya yi bincike mai zurfi, ya tambayi jikarsa me take ci a gidan Mama Theresa. Yarinya ba ta iya ƙarya ba.

"Shi ke nan! Abin da na faɗa ya faru. Ran Lahadin yara zan kai maganan gaban ikilisiya, domin iyaye su koya."

Roseline ta durƙusa. "Baba, don Allah. Yarinya ce."

"Gaskiya ba shi da jika."

Hankalinta ya tashi. Ta san garin nan: in aka ce wa yarinya ɓarauniya a majami'a, sunan zai bi ta har ɗakin miji. Kuma ƙwan da ya dawo mata da kumatu ya ƙare ke nan.

Ran Lahadi unguwa ta watse zuwa sujada, Ciyaman ya ce su yi gaba, yana nazarin jawabi. Ya shigo a makare cikin farar babbar riga, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa. Fasto ya ba shi fili.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji! Furotin abu ne mai kyau, amma ba kowane furotin ne na yaro ba. A unguwan mu ƙwai yana ɓata. Wa ke ɗauka? Wanda ya saba ci! Ko a gida na ne ba zan rufe ba."

Roseline ta rungume Hephzibah, ta sunkuyar da kai.

"Domin ban taɓa ɓoye gaskiya ba. Ni, Gershon Zamani!"

Ya daki ƙirji da dukan ƙarfinsa. Aka ji ƙwas! Lasifika ta kai ƙarar har layin baya. Ruwan gwaiduwa ya ɓullo daga aljihun gaba, ya gangaro kan aikin rigar. Ya cusa hannu don ya ɓoye, sai ya fito da ɓawo, ga alamar gawayi ɓaro-ɓaro.

"Wannan… wannan misali ne na kawo."

Mama Theresa ta miƙe daga layin Zumuntar Mata, ta gyara ɗaurin zani. "Fasto, gaskiyan Ciyaman ne fa. Ƙwai yana sa sata. Duk unguwa wa ya kai shi ci?"

Dariya ta ɓarke, har mai ganga ya faɗo daga benci. Hephzibah ta ja zanin uwarta. "Mama, Kaka ya fasa ƙwai na?"

Washegari kaza ta dawo gida. Roseline ta dafa ƙwai, ta ɓare a tsakar gida, yarinya ta ci a gaban kowa. Ciyaman ya duƙufa kan shayinsa bai ɗago ba.

Kwamiti dai ya zauna a kan lamarin, ya kuma wanke Ciyaman da gagarumin rinjaye. Rigar ce har yau ta ƙi fita.