Layi Biyu a Ledar Hajiya Laraba

"Lafiya lau, Maigida, sai jiri," in ji Hajiya Laraba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a unguwar Kusugu, ta jingina da bango. Jikanta Harisu ne ya tsuguna yana gaishe ta. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa ba ta kama sunansa.

"Jirin tsufa ko na rashin ganina?"

"Ganinka ai ƙara shi yake, da wannan kai naka kamar tulu. Tun da aka sake mini maganin hawan jini ƙasa ke juya mini."

Harisu ya ɗauki 'yar ledar maganin. Mai ba da magani a asibiti ya ja layi ɗaya da biro, ya bar fili, ya ja wani.

"Yaya kike sha?"

"Layi biyu, ƙwaya biyu. Ina idar da asuba nake watsa su, in huta."

"Tsohuwa, ɗaya da safe ɗaya da dare ake nufi. Ba ki ga filin da ke tsakani ba?"

"Na ɗauka biron ne ya ƙi."

"Kawai ki ce so kike ki tafi ki bar ni da gwauranci."

"Ko ina raye wa zai kwashe ka? Har Baure an san rowarka."

Ta karɓi ledar tana shafawa da yatsa.

"Ni da can ina ruwana da layi? Mai sunanka ke riƙe da maganina a aljihu. In ya dawo masallaci sai ya ajiye mini ƙwaya a kan faifai, ya ce, 'Sha, raguwa.' Har da ya kwanta ciwo, daga shimfiɗa yake tuna mini."

Harisu ya karɓi ledar daga hannunta.

"To na yau kin riga kin sha, kada ki ƙara. Gobe mu koma asibiti a gwada ki. Daga nan aljihuna za ta zauna, safe da dare ina tafe."

"Kai da sai rana ta dake ka kake tashi?"

"Shi ma an ce sai kin buga masa murfin tukunya a kunne."

Dariya ta kama ta har ta share ido da bakin mayafi.

"Wa ya tona masa asiri? Allah ya jiƙan mutum."

Ta tura masa kwanon furarta.

"Ungo, shanye duka. Ita wannan ba a raba ta safe da dare."