Rasuwar Fulas Ɗin Ɗaki Na Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Harun Ba'ana, ɗalibin shekarar ƙarshe, nake sanar da rasuwar fulas ɗina na shayi, wanda ya cika ranar Talata, 14 ga Mayu 1991, bayan jinyar wata biyu.

Na ɗauko marigayin a kasuwar Gamboru shekara uku da suka wuce. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana, zafin da ka ba shi da asuba shi za ka tarar da la'asar. A gidanmu abin kunya ne a tambayi baƙo sukari nawa yake sha, don haka tun a ciki ake juye masa rabin kwali. Da ya ce “fush”, ɗakin nan ya cika da masoya.

Ciwon ajalinsa ya faro ne a makon lafiya na kwaleji, da wata ɗaliba, Salomi Manasse, da 'yan ƙungiyarta suka kafa tebur suna gwada fitsarin ɗalibai. Na je ne don in yi musu dariya, sai ga nawa, da aka sa masa maganin gwaji, ya rikiɗe ja kamar jar ƙasa. Asibiti suka tabbatar ciwon sukari ne. Shekarata ashirin da huɗu fa, jama'a!

Daga ranar aka yanke wa marigayin sukari. Masoyan nan kuwa, ko sallamarsu ban ƙara ji ba. Babakura, da ya sha kofi ya fi dubu a ɗakin nan, yanzu ta bayan masallaci yake zagayawa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na mayar da fulas ma'ajiyar ruwan ƙanƙara saboda ƙishirwar da ta addabe ni. Ranar Talata na juye ƙanƙara, na ɗura tafasasshen ruwa ban jira sanyin cikinsa ya fita ba. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “tas”.

Ya rasu ya bar murfi ɗaya, kofuna shida, cokali, da kwalin sukari da ba mai gadonsa.

Za a binne shi ranar Asabar da hantsi a bolar bayan ɗakin kwananmu. Masu ta'aziyya su sani ruwan randa kawai za a ba su. In na makara a fara ba tare da ni ba, domin da safen nan ne za a koya mini yi wa kaina allura.